Ko Ka Sani? Injin Jirgin Ruwa Ba Shi da Lagireto

Ko ka san cewa injin nan da ake rataya wa jirgi a baya, wanda ke kwaso mutane da kwalayen banda daga tsibiran Tafkin Cadi zuwa Doron Baga, ko daga ƙauyukan bakin Kainji zuwa kasuwar Yawuri, ba shi da lagireto? Mota tana yawo da ruwanta a ciki, iska na sanyaya shi. Shi kuwa injin jirgi, ruwan da yake tafiya a kai shi yake sha. A ƙasan ƙafarsa, dab da farfela, akwai wasu ƙananan kafofi masu raga. Ta nan ruwa ke shiga, famfo ya tura shi sama ta cikin bututu, ya zagaye silinda ya kwashe zafi, sannan ya fita tare da hayaƙi.

Famfon nan ba wani babban abu ba ne. Wata 'yar roba ce mai fikafikai, wadda kanikawa ke kira imfela, ba ta cika tafin hannu ba. An zura ta a jikin sandar da ke kai juyin inji zuwa farfela, aka kulle ta cikin wani ɗan kofi na ƙarfe wanda da gangan ba a daidaita shi a tsakiya ba. Idan ta juya, fikafikan sukan miƙe a gefe ɗaya su ja ruwa, su lanƙwashe a ɗaya gefen su matse shi ya hau. Ruwan da take turawa shi ne kuma man shafawarta. Shi ya sa idan aka tayar da inji a tudu babu ruwa, da sunan a ji lafiyarsa, kafin minti ɗaya ya cika robar ta ƙone. Injin da aka zuba wa miliyoyin naira, rayuwarsa tana hannun wannan roba da kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Kamfanoni irin su Yamaha da Mercury sun sa wa'adin sauya ta bayan awa 300 na aiki ko shekara uku, duk wanda ya riga zuwa. Amma wannan lissafi ne na ruwa mai tsabta. Wanda ke aiki a Kwara ko Binuwai da damina, lokacin da ruwa ya yi jajir da laka, ko da rani sa'ad da ƙafar inji ke sharar yashi, bai kamata ya jira wa'adin ba, domin yashi yana cin robar, yana kuma cin kofin da farantin da ke ƙarƙashinta. Sauya roba a bar kofi mai zane-zane aikin banza ne. Kuma idan aka buɗe aka tarar fiffike ya ɓalle, wajibi ne a nemo guntun. Bai ɓace ba, yana can ya maƙale a wata hanyar ruwa, zai kuma sake jawo zafi ko da an sa sabuwa fil.

Ta yaya direba zai san famfo na aiki alhali yana ƙarƙashin ruwa? Masu ƙira sun huda wata 'yar kafa a bayan inji, inda siririn ruwa ke tsartuwa muddin famfo na turawa. Wannan fitsarin inji shi ne gargaɗi mafi tsufa, kuma har yau babu kamarsa. Direban kirki yana waiwayensa da zarar ya ja igiya, yana kuma waiwayensa duk lokacin da ya ratsa kainuwa ko kacalla, ko inda leda ke yawo. Leda guda ɗaya ta isa ta rufe kafofin shan ruwa gaba ɗaya. Sai dai ɗaukewar fitsarin ba kullum take nufin famfo ya mutu ba. Injin da aka jingine 'yan makonni, sau da yawa zanzaro ne ya samu kafar ya cika ta da laka. A kashe inji, a zura zaren fatsa mai kauri a goge, a sake tayarwa. In ruwa bai dawo ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, to a kashe, zancen ya wuce zanzaro.

Shi wannan inji ya haura shekara ɗari a duniya. Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya girma a Amurka, ya fara sayar da nasa a birnin Milwaukee a 1909, ƙarfinsa doki ɗaya da rabi. Yamaha ta fitar da nata na farko a 1960. Sunan Evinrude kansa ya kwanta a 2020, lokacin da kamfanin BRP na Kanada ya daina ƙera shi. A ruwayenmu kuwa Yamaha samfurin Enduro ne ya fi yawa, mai doki 15 ko 40 ko 75, mai shan fetur haɗe da mai. An yi shi ne don wahala, babu kwamfuta a cikinsa, kuma ƙananan da ake ja da igiya da yawansu ba su da ko ƙararrawa. Kunnen direba da idonsa su ne na'urar. A yawancin irinsu awon haɗin kashi 50 ne na fetur da kashi 1 na mai, wato jarka mai lita 20 tana ɗaukar mililita 400, kuma man da aka yi don injin ruwa, mai alamar TC-W3, shi ya dace, ba baƙin man mota ba.

Sababbin injuna su ne masu magana. An dasa musu sensa a wurare da dama: mai auna zafi, mai auna ƙarfin mai, mai lura da totur, mai gano ruwa a cikin fetur. Dukkansu suna kai rahoto ga wata ƙaramar kwamfuta. Idan Yamaha ya yi zafi, ƙararrawa za ta ɗauka, fitila ta kama, injin kuma ya rage gudu da kansa zuwa kamar juyi 2,000 a minti. Tsofaffin Johnson da Evinrude sukan tsaya a 2,500. A samfura da yawa na Mercury, ƙara ɗaya idan an murɗa makulli gwaji ne kawai, ƙara huɗu duk bayan minti biyu na nufin mai ya yi ƙasa ko ruwa ya shiga fetur, ƙara mai ɗorewa kuma babbar matsala ce irin ta zafi. Direban da bai san haka ba sai ya ce inji ya rasa ƙarfi, ya yi ta murɗa totur yana zargin fulogi, alhali injin da gangan ya ja baya don kada fistin ya kama.

A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi ci mini rai. Ƙara ta dami mai jirgi, sai a yanke wayar ƙararrawa. Inji na yawan zafi, sai bakanike ya cire tamostat ya jefar, kamar yadda aka saba yi wa motoci da hujjar cewa ƙasarmu ba ta sanyi ba ce. Tamostat ɗin injin jirgi tun wajen digiri 50 zuwa 60 yake buɗewa, kuma shi ke riƙe ruwa har ya cika saman silinda. In babu shi inji yana aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya tara baƙin toka a kan ringi. Ainihin ciwon kuwa, ko toshewa ce ko famfo, yana nan bai je ko'ina ba, kuma jirgin ɗauke yake da mata da yara ranar kasuwa.

Lambobin gargaɗi kuma kowane kamfani da nasa. Motoci a Amurka sun koma tsari ɗaya tun 1996, shi ya sa na'ura guda ke karanta Toyota ta karanta Honda. Injin jirgi bai samu wannan gata ba. Na Yamaha ana karanta shi da manhajar kamfanin a kwamfuta, ko da wata 'yar fitila da ake jonawa a ƙirga ƙiftawarta: ƙifta ɗaya, ɗan shiru, ƙifta biyar, lamba 15 ke nan. Lamba 1 lafiya lau. Lamba 15 sensar zafi, 18 sensar totur, 19 ƙarfin batir, 28 makunnin giya, 44 kuma makashin gaggawa, wato igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu domin in ya faɗa ruwa inji ya mutu nan take.

Abin lura shi ne, lamba tana nuna inda ƙorafi ya fito ne kawai, ba ta ce ga abin da za ka saya ba. Lamba 15 ba ta nufin sensa ta mutu. Tana nufin saƙon da ke zuwa daga wajenta bai yi daidai ba, kuma a cikin jirgi, inda laima ba ta ƙarewa, sau da yawa soket ne ya yi koren tsatsa, ko ɓera ya ci waya, ko kan batir ya yi sako-sako. Batir mai rauni shi kaɗai yana iya haifar da lambobin ƙarya barkatai. Bakanike mai tsoron Allah yakan fara da wanke soket da auna waya da mita kafin ya tura mutum kasuwa. Ita kuwa 44, ƙarshenta a tarar maƙalar igiyar ce ta zame, mutane sun yi ta jan inji har gumi ya jiƙa su.

In har saye ya zama dole, kada ka je wa mai shago da cewa doki arba'in ne kawai. Injuna biyu masu doki ɗaya suna iya bambanta a ciki. A jikin ƙarfen da ke riƙe inji da jirgi akwai ɗan faranti mai lambar samfur da lambar inji, ɗauki hotonsa a waya. Lambar kayan Yamaha ma tana da ma'ana: 44352 a tsakiya imfela ce, haruffa ukun farko kuma su ke nuna dangin injin da aka fara yi wa ita, shi ya sa 63V-44352 ta ƙaramin inji ba za ta zauna a gurbin 6E5-44352 ba. Akwai na asali, akwai na wasu kamfanoni masu kyau da suka fi sauƙin kuɗi, akwai kuma jabu a cikin kwali mai kama da na asali sak. A murfi ko hannun giya, na kwance ma ya wadatar. Amma roba, gasket da sil, ni dai ba na ganin hikimar sayen tsohonsu ko mai arhar da ta wuce hankali, tunda roba tana bushewa ko da a ajiye take.

Akwai kuma ciwon da babu sensar da ke kama shi, kuma masunta ya fi samu. Zaren koma ko na fatsa yakan naɗe a bayan farfela inda ido ba ya gani, ya yi ta gurzar sil har ya yanke shi, ruwa ya shiga cikin man giya. Inji zai ci gaba da aiki lafiya, babu ƙara, babu fitila, har ranar da haƙoran giya za su zube a tsakiyar ruwa. Hanyar ganewa ita ce a kwance notin ƙasa na gidan giya a bar mai ya ɗiga kaɗan. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, sai a sauya sil da mai da 'yan washa na notin gaba ɗaya. Farfelar kuma a riƙa cire ta lokaci-lokaci, a warware zaren, a shafa girisi a sandar kafin a mayar.