Laimar Shawagi: Yadda Ake Tashi Sama Da Yadi Da Igiya



A allon wannan mako mun kawo muku bayani a kan wani abu da yawancinmu muka taɓa gani a wayar yayyenmu ko a talabijin: mutum zaune cikin wata 'yar kujera yana yawo a sararin sama, a ƙarƙashin wani ƙaton yadi mai launi, ba inji ba fetur. Turawa suna kiran abin faragilaida. Mu a kulob mun raɗa masa suna laimar shawagi, don a bambanta ta da laimar da sojoji suke dirowa da ita daga jirgi. Ta sojoji aikinta sauka. Wannan kuwa daga kan tudu ake tashi da ita, kuma gwani yakan yi awoyi a sama bai sauko ba.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan batu shi ne, bidiyo yana nuna wajen daɗin ne kawai. Ba ya nuna watannin koyo, da dubawa, da adana kaya. Muna gudun kada wani ƙaninmu a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya gani ya ɗauki laimar ruwa ya hau katanga.

Yaya take?

Fiffiken laimar yadin nailan ne marar nauyi, hawa biyu, na sama da na ƙasa. An ɗinke tsakaninsu an raba shi aljihu-aljihu, kowane aljihu bakinsa a buɗe ta gaba, bayansa a rufe. Idan iska ta shiga ta bakin sai yadin ya kumbura, ya yi siffar fiffiken jirgi. Ke nan iska ce ƙashinsa. Da ta fice, ya koma tsumma.

Faɗin fiffiken daga gefe zuwa gefe yakan kai mita 8 zuwa 12, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 7 ba. Igiyoyi sirara masu yawa, wasu ba su fi tsinken ashana kauri ba, su ne suke haɗa shi da kujerar matuƙi. A kowane hannu akwai igiyar birki. Ka ja ta dama ka juya dama, ka ja ta hagu ka juya hagu, ka ja duka biyu gudu ya ragu. Idan aka ja su da yawa a sama, fiffiken zai daina tashi ya faɗo. Wannan na cikin abubuwan farko da ake gargaɗin ɗan koyo a kai.

Ga wani abin daɗin ji: wanda ya ƙirƙiro irin wannan fiffike mai aljihu a shekarun 1960, wato Domina Jalbert, haifaffen Kanada, gwanin haɗa jirgin wasa ne mai zare, ɗan uwan jirgin ledar da muke haɗawa da tsinken tsintsiya. Daga baya, a watan Yunin 1978, wasu abokai uku a garin Mieussy na ƙasar Faransa suka gwada rugawa da laima daga gangaren dutse maimakon dirowa daga jirgi. Daga nan wasan ya bazu a duniya.

Me yake riƙe ta a sama?

Laimar shawagi kullum gangarowa take a cikin iska, sai dai a hankali. Ta 'yan koyo takan yi gaba kamar mita 8 kafin ta sauko mita 1. Ga lissafi: wanda ya tashi daga tudu mai tsawon mita 100, in babu iska, zai sauka wajen mita 800 daga inda ya tashi.

To yaya wasu suke daɗewa? Ku ɗaga kai da hantsi ku kalli shirwa. Za ku ga tana zagaye wuri ɗaya ba ta kaɗa fiffike, amma sai ƙara sama take. Rana ce ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iska mai ɗumi kuma ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta tashi sama. Shirwa tana shiga cikinta ne ta ɗauke ta kyauta. Matuƙan laima ma haka suke yi, har sukan bi tsuntsaye don su gane inda iskar take tashi. Da wannan dabara gwanaye a ƙasar Brazil sun yi tafiyar da ta wuce kilomita 500 a yini ɗaya, wato fiye da ninki biyu na nisan Kano zuwa Kaduna.

A ina ake yi kusa da mu?

Ba sai an je Turai ba. A ƙasar Ghana, a yankin Kwahu, ana yin bikin tashi da laima tun shekarar 2005, a lokacin hutun Ista. Ana tashi daga dutsen Odweanoma da ke Atibie, a sauka a filin ƙwallo na garin Nkawkaw. Abin lura shi ne, baƙin da suke zuwa ba a ba su laima su tashi su kaɗai. Ƙwararren matuƙi ne yake ɗaukar mutum ɗaya a gabansa, a laima ta mutum biyu, shi ne kuma mai riƙe da birki tun daga tashi har sauka.

Yadda ɗan koyo yake farawa

An kasa laimomi aji huɗu: A, B, C da D. Ajin A shi ne na 'yan koyo, domin ba shi da saurin fushi. Idan gefensa ya naɗe a iska, yakan buɗe da kansa da sauri. Ajin D na gwanaye ne, ya fi gudu amma ba ya yafe kuskure. Kowace laima kuma tana da iyakar nauyin da aka yi ta dominsa. Idan yaro marar nauyi ya ɗauki ta babban mutum, iska za ta yi wasa da shi yadda ta ga dama.

Ɗan koyo ba ya farawa da sama. Yana farawa ne a fili, ƙafarsa a ƙasa, malami yana tsaye a kansa. Zai koyi ɗaga fiffiken ya tsayar da shi daidai saman kansa, ya juya shi, ya sauke shi. Sai an ga hannunsa ya faɗa a kai shi ƙaramin gangare, inda zai tashi 'yan mitoci kaɗan. Daga nan sai tudu babba, malami yana yi masa magana ta rediyo. Sannu ba ta hana zuwa.

Kayan da ba a tashi sai da su: hular kwano, takalmi mai riƙe idon sawu, kujera mai katifar kare baya, da laimar ko-ta-kwana a naɗe cikin kujerar, wadda ake jefawa idan babbar ta ƙi buɗewa.

Kafin kowane tashi, ko na ɗari ne, matuƙi yana duba abu biyar:

1. Maɗauran kujera, musamman na cinya, da igiyar hular kwano. Mantawa da maɗaurin cinya ya sha jawo asarar rai, domin mutum yakan zame ya fita.
2. Igiyoyi: babu ƙulli, babu sarƙewa, babu kara ko ƙaya a jiki.
3. Fiffike: a shimfiɗe, bakin aljihunan a buɗe.
4. Iska: daga gaba take zuwa, kuma ba ta yi ƙarfi ba. Ana tashi ana fuskantar iska, ana sauka ana fuskantarta.
5. Sarari: babu wani matuƙi a gaba ko a sama.

Sanin iska ya fi ƙarfin hali

Gudun laimar ɗan koyo bai fi kilomita 35 zuwa 40 a awa ba. Idan iskar da ke busowa ta fi haka, matuƙi baya-baya zai riƙa yi ko da yana kallon gaba. Bayan dutse, ko dogon gini, ko manyan bishiyoyi, iska tana murɗewa kamar yadda ruwan kwata yake murɗewa a bayan dutse, kuma tana iya naɗe fiffike nan take.

Yanayinmu na Kano yana da nasa tarkon a kowane lokaci. Da hunturu akwai hazo, ba a ganin nesa. Da bazara akwai guguwa, wadda muke gani tana kwashe leda da yayi a filin makaranta. Abin da take yi wa leda shi za ta yi wa laima. Da damina kuwa hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa, kafin ma ɗigon farko ya sauka.

Hadari shi ne babban abin tsoro, domin yana zuƙar iska sama. A watan Fabrairun 2007, a ƙasar Ostareliya, hadari ya zuƙi wata gwanar matuƙiya daga Jamus mai suna Ewa Wiśnierska, ya kai ta kusan mita 10,000, fiye da tsawon dutsen Everest. Ta suma saboda sanyi da ƙarancin iskar shaƙa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta sauko da rai. Wani matuƙi ɗan ƙasar Sin da hadarin ya zuƙa a ranar bai tsira ba. Idan haka ta faru da gwanaye, ina ga ɗan koyo? Shi ya sa malaman wasan suke yaba wa wanda ya hau tudu, ya duba sama, ya naɗe kayansa ya koma gida.

Kula da laima

Ran matuƙi yana rataye ne a jikin yadi da igiya, don haka adana su ba ƙaramin aiki ba ne.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba. Duk mun san yadda labulen taga yake koɗewa har ya riƙa yagewa da ɗan ja kaɗan. Haka rana take cin nailan. Ba a barin laima a shimfiɗe ana hira. Da an sauka a naɗe ta, ko a kai ta inuwa. Ba a kuma barinta a but ɗin mota cikin zafi.

Yashi da tsakuwa suna shiga aljihunan su riƙa gugar yadin daga ciki, sai a zazzage su. Ba a jan laima a ƙasa, ba a taka igiyoyinta, domin igiya tana iya raunana a ciki alhali a waje lafiya lau take. A duba fara da ƙwari kafin a naɗe, domin fara idan ta maƙale a ciki, huda yadin take ta fita.

Idan ta jiƙe, a shanya ta a inuwa inda iska take kaɗawa, kada a adana ta da danshi don kada ta yi fumfuna. Ba a wanke ta da omo ko bilic, ba a murza ta da buroshi. Tsumma mai laushi da ruwa zalla sun isa. Fetur da man inji kada su kusance ta.

Ƙaramar yagewa ana liƙe ta da ƙyallen da aka yi don haka. Babbar yagewa, ko wadda ta kusanci ɗinki, ta gwanin gyara ce, ba ta telan unguwa ba, kome iyawarsa. Igiyar da ta tsinke ba a ƙulla ta, sauya ta ake da wata mai tsawo ɗaya daidai. Galibin kamfanonin da ke yin laima sun ce a kai ta a duba ta duk shekara 2, ko bayan awa 100 na tashi, a gwada ko iska ta fara ratsa yadin, a auna igiyoyi. Ita ma laimar ko-ta-kwana ana warware ta a sake naɗewa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Me ya sa laimar ruwa ba za ta yi ba?

Laimar ruwa faɗinta bai fi murabba'in mita 1 ba, na laimar shawagi kuwa ya wuce 20. Ƙarafunanta kuma juyewa suke da iska ta bugo su daga ƙasa. Zani da buhu da tamfol duk haka ne. Mun yi lissafi da abin da ake koyarwa a darasin kimiyya: wanda ya diro daga tsawon mita 5 zai bugi ƙasa da gudun kusan kilomita 36 a awa. Ku ɗauka Adaidaita Sahu ce ta taho a guje ta yi karo da bango. Abin da zai biyo baya karaya ce, ko ciwon baya na har abada, ko abin da ya fi haka, Allah ya kiyaye.

Dutsen Dala da Goron Dutse ma ba wajen gwaji ba ne. Gidaje ne da wayoyin lantarki suka kewaye su, babu filin sauka.

To mu me za mu iya yi?

Jirgin ledarmu makaranta ce babba. Da shi za mu koyi gane inda iska take fitowa, da yadda take murɗewa a bayan gini, da yadda tsawon zare yake canza tashi. Sai dai mu kiyaye: mu tashe shi a buɗaɗɗen fili, ban da bakin titin Zariya ko titin Maiduguri, ban da kan soro. Mu nisanci wayar wuta, in ya maƙale a kanta mu bar shi, kada mu sa sanda ko ƙarfe. Da mun ga hadari mu naɗe zare. Za mu kuma iya ɗaura ƙaramin dutse a jikin leda da zare huɗu mu jefa sama a fili, mu ga yadda faɗin ledar yake rage saurin faɗowa. Dutse ya yi gwajin, ba mu ba.

Mai son tashi da gaske, hanya a buɗe take. A nan Kano jirgin sama ya sauka tun a shekarar 1925, kuma ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama a Zariya, wadda aka kafa tun 1964. Tikitin shiga shi ne lissafi, kimiyya da Turanci, kuma duk ana koyar da su a ajinmu.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya faɗa wa ƙannensa a gida. Mai tambaya ya rubuta a takarda ya jefa a akwatin kulob, za mu amsa a allon mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Daga wakilin aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida.