Hausawa Kiristoci na ƙasar Maradi

Yara, a ƙasarmu ta Nijar kusan kowa Musulmi ne. Ƙidayar jama'a da aka yi a shekarar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Shi ya sa yaro yana iya girma a Baudeta, ko a wani ƙauye na Tasawa ko na Mayayi, bai taɓa shiga gidan Kirista ba. In ya ji kalmar, sai ya zaci Bature ne, ko wani baƙo daga Bini ko Togo. To, akwai irin waɗannan. Amma akwai kuma Hausawa Kiristoci, haifaffun nan jahar Maradi, iyaye da kakanni. Hausa suke yi, tuwon hatsi suke ci, da damina suna gona. Yau za mu leƙa gidansu, mu ga yadda suke kwana, suke tashi.

Daga ina abin ya faro?

Wata ƙungiya ta masu wa'azin Kirista, wadda ake kira SIM, ta shigo Damagaram a shekarar 1924. Mutane suka riƙa ce musu ƴan mishan. Bayan ƴan shekaru suka zauna a Tsibiri, garin Sarkin Gobir, dab da Maradi. A 1950 suka buɗe asibitin Galmi. A 1956 suka buɗe na Danja, kudu da Maradi, inda ake jinyar kutare. Waɗansu mutane sun je neman magani, waɗansu neman aiki, waɗansu kuwa don su koyi karatu. A cikinsu aka sami waɗanda suka karɓi addinin. Su ne kakannin yawancin Kiristocin ƙauyukanmu. Suna kiran kansu masu bi.

Wajen lokacin da Nijar ta sami mulkin kai, a 1960, masu bi suka kafa tasu ikilisiya, da shugabanni ƴan ƙasa. Ana taƙaita sunanta da EERN. Ikilisiya ita ce taron masu bi. Ɗakin da suke taruwa kuwa sunansa majami'a, waɗansu su ce coci. In ka tashi daga Tasawa ka yi yamma, ka wuce Gazawa, za ka iso Agye. Can aka kafa wata makaranta ta koyon Littafi Mai Tsarki, inda aka horar da fastoci da masu bishara da yawa. Akwai kuma ƴan Katolika. Su tasu hanya daban take, kuma tun 2001 suna da babban limaminsu a Maradi.

Safiya da maraice

In ka shiga gidan mai bi da sassafe, da wuya ka ga abin da zai ba ka mamaki. Ga zaure, ga rumbu, ga turken awaki. Uwa tana surfe. Ƴan mata sun tafi rijiya da guga. Yaro ya saki tumaki. Gaisuwa ma ita ce dai: ina kwana, ina gajiya, ina gida. Ɗa yana durƙusa wa ubansa. Uwa tana kunyar faɗin sunan ɗan farinta, kamar kowace Bahaushiya.

Bambancin yana wurin tabarma. A gidaje da yawa, kafin a watse da safe, ko bayan tuwon dare, mai gida yakan tara iyalinsa. Sai a buɗe Littafi Mai Tsarki, a karanta ƴan ayoyi. Sau da yawa yaron da ya iya karatu shi ake miƙa wa littafin. In ya yi tuntuɓe a wata kalma, uwarsa ta gyara masa daga inda take zaune. Bayan haka a rera waƙa guda, a sunkuyar da kai, a yi addu'a. Ba su da alƙibla, ba su da ƙayyadaddun lokuta biyar. Mutum yana roƙo da kalmomin bakinsa: ruwan sama, lafiyar jariri, sa'ar jarrabawa, ɗan'uwan da ya tafi cin rani. Ku lura da abu guda. Wanda suke roƙo, da Hausa Allah suke ce masa. In sun gama kuma su ce amin.

Da wane harshe ake wannan karatu? Da Hausa, da baƙaƙen boko, irin waɗanda kuke koyo a aji. An buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Cikin waɗanda suka yi aikin fassarar akwai wani likita Bature, Walta Mila, wanda ya daɗe a ƙasar Zariya. Ƴan mishan sun nace kowane mai bi ya iya karanta littafin da kansa, namiji ko mace. Saboda haka kana iya samun tsohuwa wadda ba ta taɓa taka lakwal ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, amma tana karanta Hausa ba gargada. Makarantun gwaji irin tamu, masu koyarwa da harshen gida, sai a 1973 aka fara su a Damagaram. Kun ga ke nan tsofaffin nan sun riga mu da nisa. Sai dai Hausa kaɗai ba ta ishe su ba. Iyaye da yawa sun matsa a koya wa ƴaƴansu Faransanci ma, don su sami aiki kamar kowa. A ganina suna da gaskiya, ƙafa biyu ta fi ɗaya tafiya.

Sunaye

In an yi haihuwa, ana yin suna bayan kwana 7. Fasto ne ke zuwa ya yi addu'a, ya faɗi sunan. Ana raba goro, mata su yi guɗa. Waɗansu sunayen za su gaya maka gidan da yaro ya fito: Bitrus, Bulus, Markus, Ishaya, Rifkatu, Lidiya. Waɗansu kuwa na kowa ne: Musa, Dauda, Yusufu, Ibrahim, Ayuba, Maryama, Saratu. Dalili shi ne, waɗannan mutane suna cikin littattafan addinan biyu. Ga kuma sunan rana, wanda bai san addini ba. Wadda aka haifa ran Lahadi Ladi ce, ko a wane gida.

A majami'a ake ɗaura aure, kuma mace ɗaya ikilisiya ta yarda mutum ya aura. Amma sadaki da kayan ɗaki da kai amarya duk suna nan.

A dandali

Da farin wata, yaran unguwa sukan fita dandali. A nan ba mai tambayar wani addininsa. Maza su yi langa: ka kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ka yi ta tsalle da ɗayar, kana ture abokan karawa, har a kai sha. Su yi kokowa cikin rairayi. Su ƙera mota da karan dawa, su yi mata ƙafafu da fasasshiyar ƙwarya. Ƴan mata su yi gaɗa, suna tafi, ɗaya ta faɗo baya sauran su tare ta. Su yi carafke da tsakuwa. Ƙanana su yi ƴar tsana, su dafa tuwon ƙasa, su aurar da ɗiyarsu ta kara. In an gaji a zauna gindin kaka a sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Ƴaƴan masu bi sun ƙara waɗansu wasanni a kan waɗannan. Suna gasar neman aya. Babba ya faɗi sunan littafi da sura da aya, kowa ya yi ta buɗe shafi da sauri. Wanda ya fara samu ya miƙe ya karanta. Wannan wasa yana sa hannu da ido su saba da takarda ƙwarai. Suna kuma kwaikwayon labaran da suka ji. Ƙaramin yaro ya zama Dauda da majajjawarsa, wani dogo ya zama Goliyat, wanda Musulmi suka sani da Jaluta. Kowa yana son ya zama Dauda. Dogon kuwa dole ya faɗi ƙasa, ko yana so ko ba ya so.

Amma a dandalin nan ne kuma wani lokaci ake ɓata wa juna rai. Ana cikin wasa, gardama ta tashi a kan wa ya ci, sai wani ya ce wa ɗan Kirista kafiri ko arne. Mai faɗi yakan manta nan da nan. Wanda aka gaya wa ba ya mantawa, musamman in shi kaɗai ne a ajinsu. Akwai yaran da ke ɓoye sunansu na gida saboda haka. A makaranta ba mu yarda da wannan ba. Gardamar langa, a langa take ƙarewa.

Ranar Lahadi

Lahadi ita ce babbar ranarsu, kamar yadda Juma'a take ga Musulmi. Ba a zuwa gona. Da safe a yi wanka, a sa tufafi masu tsabta. A waɗansu ƙauyuka majami'ar ɗakin laka ce da rufin kwano, da bencina. Ana buga ƙararrawa, ko wani tsohon ƙarfe da aka rataya a itace. A yawancin majami'un ƙauye maza suna zama gefe guda, mata gefe guda.

Yara suna da nasu aji, ana ce masa makarantar Lahadi. A nan ake ba su labarin Nuhu da jirginsa, da Yusufu da ƴan'uwansa, da Yunusa cikin kifi. Kowa ya haddace aya guda ya kai gida.

Waƙa tana da babban wuri a sujadarsu. Suna da littafin waƙoƙi na Hausa. Mata kuma suna da ƙungiyarsu, Zumuntar Mata, masu ɗinka zane iri ɗaya. Ƴan mishan na farko ba su son kiɗa cikin majami'a, suna ganin ganga ta bori ce. Amma yau in matan zumunta suka tashi, za ka ji kiɗan tulu da caki, ɗaya tana bayarwa sauran suna amsawa, kamar a gaɗa. Aikinsu bai tsaya ga waƙa ba. Su ne masu zuwa gaida mai jego, su yi wa maras lafiya daka, su zauna da wadda mijinta ya rasu.

Bayan waƙa fasto ya yi wa'azi. Sannan a zaga da ƙwarya ko faranti, kowa ya sa abin da ya samu. Wannan shi ake kira baiko. Ikilisiyoyin da suka fito daga mishan suna hana mutanensu shan giya. Na faɗi wannan ne don yara da yawa suna zaton ba haka ba ne.

Me suka gaskata? Sun gaskata Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta 3, kuma ta wurinsa ake samun ceto. Musulmi suna girmama shi da sunan Annabi Isa ɗan Maryama. A wurinsu Manzon Allah ne, ba ɗa ba, kuma ba a gicciye shi ba. Wannan bambanci babba ne, ba a ɓoye shi. Kowane yaro iyayensa da malamansa na addini za su yi masa bayani.

Kaka da salla

Da damina, mai bi da maƙwabcinsa gayya ɗaya suke yi. Fari in ya zo, bai san gonar wane ba. Wani ɗan mishan mai suna Toni Rinodo, mutumin Ostareliya, ya yi aiki da manoman Maradi. Tun 1983 ya riƙa jan hankalinsu su bar tohon kututture ya girma a gona, maimakon a sassabe shi duka. Wannan shi ne sassaben zamani. Yawancin waɗanda suka ɗauke shi suka yaɗa Musulmi ne, kuma itatuwan da kuke gani yau a gonakin Agye da Tasawa da yawansu ta haka suka tashi.

In an yi girbi, masu bi suna da ranar godiya. Kowane gida ya kawo damin hatsi, ko kwanon wake, ko kaza, a ajiye gaban majami'a. Da shi ake taimakon fasto da gwauraye da marayu.

Sai babbar sallarsu, ran 25 ga Disamba, tsakiyar ɗari. Waɗansu suna ce mata Kirsimati, waɗansu Nowel. Ranar tunawa da haihuwar Yesu ce. Yara sukan yi makonni suna shirin wasan kwaikwayo. Wannan makiyayi ne da sandarsa, wannan mala'ika ce da farin zane, ƙanana kuwa su ne tumaki, suna rarrafe suna kuka. A ɗinka sababbin kaya, a dafa shinkafa da nama. Da hantsi sai ka ga yara ɗauke da kwanoni, suna kai wa maƙwabta Musulmi. In sallar layya ta zo, kwanonin nan su komo da nama. Ɗaya sallar tasu ita ce Ista, ko Paki, ta tunawa da tashin Yesu. Tana faɗowa cikin Maris ko Afrilu, lokacin bazara.

Zaman nan ba kullum yake tafiya lami lafiya ba. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 an yi tarzoma a Damagaram da Yamai, saboda wani zanen ɓatanci da wata jarida ta buga can Faransa. Aka ƙone majami'u da yawa, aka yi asarar rayuka. Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen. A ranakun nan an sami Musulmi da suka buɗe ƙofofinsu, suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci har ƙura ta lafa.

Tambayoyi

A wace shekara aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa? Mene ne bambancin ikilisiya da majami'a? Ku kawo sunaye 5 da Musulmi da Kiristoci duka suke sa wa ƴaƴansu. Ku tambayi wani tsoho a gidanku wasannin da suka yi a dandali suna yara, ku rubuto guda ɗaya da dokokinsa.