Tabar Naɗin Hannu da Hukuncin da Aka Karanta a Baibai

Tun daga watan Janairu na 2025, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta tabbatar da hukuncin da Alƙali Amit Mehta ya yanke a watan Agusta na 2023, wanda ya janye hannun hukumar abinci da magunguna ta Amurka, watau FDA, daga kan tabar nan mai kauri da ake naɗewa da hannu a cikin ganyenta, ba a takarda ba, wata magana ta shiga bakin mutane, har na ji ta da kunnena a majalisa daga wani saurayi mai ilmin zamani: wai Amurka da kanta ta yi shaida cewa tabar naɗi ba ta da illa, karan sigari ne kaɗai mai kisa. Ya zaro wayarsa ya nuna mana sanarwar sababbin kayan da wani ƙaramin kamfani zai fitar a shekara mai zuwa, yana karanta mana siffofinsu kamar mai jan baƙi: ganye zalla, aikin hannu, shekaru a ajiye. Da'awarsa ba ta tsaya da ƙafafunta ba, amma kafin a rushe ta ya kamata a san yadda mai ƙaramar sana'ar nan yake tsara abin da zai fitar, domin a nan ne shubuhar ta samo asali.

Mu ɗauki kamfanin Tatuaje, wanda wani Ba'amurke mai suna Pete Johnson ya kafa a 2003. Lokacin da ya fara, ba shi da gona, ba shi da masana'anta. Abin da ya mallaka shi ne harshe mai rarrabe ɗanɗano, da suna, da amana tsakaninsa da José Pepín García, gwanin naɗi mutumin Kuba da ya buɗe ɗan shago a Miami, daga baya kuma iyalinsa suka gina babbar masana'anta a Estelí ta ƙasar Nikaraguwa. Akasarin ƙananan masu wannan sana'a haka suke, kamar dillalin da ke kai wa marini zane ya gaya masa irin baƙin da yake so. Kuma ba banza ba sana'ar ta taru a Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika: bayan juyin mulkin Kuba da takunkumin da Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba mata a 1962, manoma da masu naɗi da yawa suka yi hijira da irinsu da iliminsu, har ya zama a 'yan shekarun nan Amurka na shigo da irin wannan taba fiye da miliyan 400 a shekara, Nikaraguwa ce kan gaba.

To, abin da irin waɗannan kamfanoni ke kira sabon kaya, wanda sukan bayyana a bajekolin da ƙungiyarsu ta PCA ke shiryawa kowace shekara, a haƙiƙa tsoho ne, domin ganyen da za a naɗe baɗi an shuka shi shekaru biyu ko uku ko fiye da suka wuce. Ana tsinkar ganyen daga ƙasa zuwa sama, kowane hawa da sunansa da aikinsa: na ƙasa, volado, shi ke riƙe wuta, na tsakiya, seco, shi ke ba da ƙanshi, na ƙololuwa da ya sha rana, ligero, shi ne mai ƙarfi. A rataye shi a rumfa makonni har kore ya koma ruwan ƙasa, a tara shi tsibi, a ɗaure shi cikin dami a ajiye. Sa'an nan mai haɗi ya zauna, kamar mai haɗa turaren wuta, ya zaɓi na ciki, da na ɗauri, da na rufi, wanda shi ne mafi tsada saboda ba a yarda da tabo ko huda a jikinsa. Wani abin sha'awa, ɗaya daga cikin ganyayen rufi da ake ji da su a duniya daga gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya yake fitowa, shi ne ma rigar samfurin Hemingway na gidan Arturo Fuente. Saboda haka shirin ƙaramin kamfani yana rataye ne a kan damin da ya samu: in dami kaɗan ne, sai ya yi kaɗan, ya kira shi na musamman, ƙarancin ya zama ado.

Wannan ne dalilin da ya sa dokar FDA ta 2016 ta tayar musu da hankali, da yake ta wajabta cewa duk samfurin da bai kasance a kasuwa ba tun 15 ga Fabrairu na 2007 sai hukuma ta bincika shi, alhali kuwa mai canja haɗinsa gwargwadon abin da damina ta bayar ba zai iya biyan kuɗin bincike a kan kowane haɗi ba. Kafin dokar ta fara aiki ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, sai suka yi ta ambaliyar sababbin sunaye don su riga ƙofa rufewa, suka kuma kai ƙara. Abin da alƙali ya hukunta shi ne cewa hukumar ta yi gaggawa da son rai, an miƙa mata bayanai game da yadda masu shan wannan taba suke shanta, ta ce babu su, ba ta auna su ba. Hukunci ne a kan sakacin ma'aikata wajen kafa hujja. Alƙalin da ya kori ƙara saboda mai gabatarwa bai yi aikinsa ba, bai ce kura ta zama tunkiya ba. Ni dai a ganina laifin ruɗanin nan rabinsa na hukumar ne, wadda take da hujja a hannu ta ƙi wahalar tsara ta, rabinsa kuma namu ne, masu karanta kan labari mu bar gangar jikinsa.

Sauran shubuha biyu. Ta farko, wai ganye zalla ne. Lalle kuwa, amma zaƙami ma ganye zalla ne, tunya kuma ba wanda ya zuba mata sinadari. Mas'alar ma ta fi haka zurfi, domin aikin da ke ba wa tabar daɗinta shi ne ke ƙara mata dafi. Idan aka jiƙa ganyen aka tara shi tsibi, yakan ɗau zafi da kansa har ya haura digiri 40, kamar yadda juji ke turiri da sanyin safiya, ko kalwa ke ɗumi a rufe kafin ta zama daddawa. A rushe tsibin a sake ginawa, na ciki ya koma waje, watanni ana yi. Wannan ruɓawa ta hikima tana fitar da ɗaci da warin da ke shaƙe maƙogwaro, amma a cikinta da cikin shanyar da ta gabace ta ne ake samun sinadaran nan da ake kira naitirosamin, waɗanda tabbatattu ne wajen haddasa ciwon daji, kuma Cibiyar Binciken Daji ta Amurka ta bayyana cewa sun fi yawa a hayaƙin tabar naɗi bisa na sigari. Kalwa in ta ruɓa abinci take zama. Taba in ta ruɓa laushi kawai take yi a baki.

Ta biyu, wai ba a zuƙa har huhu, a baki ake juya hayaƙin a fesar. Duk wanda ya taɓa ganin tsoho yana daka taba gari da kanwa ya riga ya san amsar, ko da bai san sunanta ba. Kanwa ba don ɗanɗano kaɗai ake sa ta ba. Ita ke kwance nikotin daga ɗaurinsa har ya ratsa fatar baki ya shiga jini, kamar yadda take kwance wake ya nuna da wuri, take kuma tsinka tsamin yakuwa. Hayaƙin sigari yana da ɗan tsami, don haka sai ya isa huhu nikotin ɗinsa ke shiga sosai. Hayaƙin tabar naɗi kuwa ɗabi'arsa ta kanwa ce, ya zo da mabuɗinsa, baki ya ishe shi ƙofa. Ga kuma yawa: karan sigari bai wuce giram 1 na taba ba, babbar tabar naɗi kuwa tana ɗauke da giram 5 zuwa 20, ana kuma shafe sa'a guda ko fiye ana shanta, leɓe da harshe da maƙogwaro suna wanka cikin hayaƙi, yawun da aka haɗiye yana kai saura ga maƙoshi. Shi ya sa dajin baki da na maƙogwaro da na hanyar abinci ba su tambayar ko an zuƙa.

Adalci dai ya wajaba. Rahoton da majalisar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2022 ya nuna cewa mafi yawan masu shan wannan taba mai tsada jefi-jefi suke sha, kuma hatsari yana bin yawan sha da zurfin zuƙa, don haka mai sha sau ɗaya a wata ba daidai yake da mai ƙarar da kwalin sigari kullum ba. Sai dai wannan sauƙi daga ɗabi'ar mai sha ya zo, wadda tsada ta ladabtar, ba daga ganyen ba, kuma rahoton bai wanke ganyen ba.

Shi kuwa Pete Johnson, a 2008 ya fara wata al'ada da har yanzu masoyansa ke jira duk watan Oktoba, lokacin bikin dodanni na Amurkawa: yakan fitar da samfuri mai sunan wani dodon majigi. Na farkonsu, The Frank, akwati 666 kacal aka yi, kowanne da kara 13, an kuma sassaƙa akwatin da siffar akwatin gawa. Nan da nan aka saye su kaf, har yau masu tara kayan tarihi suna neman ko da fankon ne.