Burodin safe, ƙwallon hantsi: borin jinin da alkama ke tayarwa

Yaro a Unguwar Rogo da ke Sakkwato ya sha shayi da burodi, ya ruga fili buga ƙwallo. Minti ashirin bai cika ba jikinsa ya yi rudu-rudu da ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura, numfashi na fita da ƙyar, har ya yanke jiki ya faɗi. Masu kallo wasu za su ce farfaɗiya, wasu iska, wasu kuma zafin ranar Sakkwato. Akwai wani abin da ya kamata a yi zargi, wato alkama.

Abin da ke ɓatar da iyaye shi ne yaron kullum yana cin burodi, taliya ko fanke lafiya lau, kuma kullum yana guje-guje. Sai an haɗa biyun cikin 'yan awanni cutar ke tashi. Motsa jiki na sa hanji ya saki wani sinadarin alkama cikin jini fiye da ƙima, garkuwar jiki kuma ta far masa. Masu bincike a ƙasar Finland ne suka gano a 1999 cewa sinadarin ne ke tayar da cutar, sunansa omega-5 gliadin. Aspirin da ibuprofen na ƙara rura wutar.

Gano cutar daga gida yake farawa. Uwa ta riƙa rubutawa: me ya ci, ƙarfe nawa, yaushe ya fara gudu, ya sha magani ko a'a. A ganina wannan takarda ta fi komai amfani in an je gaban likitan yara, misali a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Daga nan sai gwajin fata da na jini, sai dai sukan nuna babu komai alhali cutar tana nan. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne a ba yaro alkama, a sa shi gudu a kan na'ura, likita na tsaye da allurar adrenalin a hannu. Don Allah kada a gwada wannan a gida, rai na iya salwanta.

In an tabbatar, yaro ya bar aƙalla awa 4 tsakanin cin alkama da wasa, ko a ba shi kunun gero ko waina da safe. Malamin makarantarsa ya sani. In kuwa abin ya taso, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a garzaya asibiti. Piriton na rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura.