Rayuwar 'yan shekara 45 zuwa 64: inda ɗaliban ergoterapi za su samu bincike

Magidanci ɗan shekara 50 da ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ko an sallame shi daga asibiti, da sauran rina a kaba. Zai iya alwala da kansa? Zai koma shago? Wa zai biya kuɗin makarantar yara? Taimaka wa irin wannan mutum ya koma harkokinsa na yau da kullum shi ne aikin masu ergoterapi, fannin lafiya da ƙungiyarsa ta duniya, WFOT, ta kafu a 1952.

Sai dai ɗalibin wannan fanni da ke rubuta kundin kammala karatu kan masu matsakaitan shekaru yakan ci karo da matsala biyu. Ta farko, rubuce-rubuce sun fi karkata ga yara da tsofaffi. Ta biyu, kalmar Turancin da masana fannin ke nufin wanka, girki, ibada da ziyara da ita, ita ce kuma ke nufin sana'a. Da ɗalibi ya rubuta ta a intanet, sai rahotannin haɗurra a wuraren aiki su cika masa shafi.

Mafita ta farko tana PubMed, rumbun binciken lafiya na gwamnatin Amurka, wanda shigarsa kyauta ce. Yana da matatar shekaru mai suna "Middle Aged", wadda ke ware 'yan 45 zuwa 64. Idan ɗalibi ya haɗa ta da aiki guda takamaimai, kamar jinyar iyaye ko komawa aiki bayan rashin lafiya, sakamakon yakan ragu zuwa abin da zai amfane shi.

Akwai kuma MIDUS, binciken da aka fara a Amurka a 1995 da mutum fiye da 7,000, ana bibiyar lafiyarsu, aikinsu da zamansu da iyali. Bayanansa a buɗe suke ga masu nazari.

Idan mujalla ta nemi kuɗi, shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002, yana ba jami'o'i da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da Nijar, damar karatu kyauta. Cibiya ce ke rajista, don haka ɗakin karatu ne wurin tambaya. Mujallun Afirka kuwa, da damansu suna dandalin AJOL.

Duk da haka, akasarin abin da ɗalibi zai samu an rubuta shi ne kan rayuwar Amurka, Turai da Ostireliya. Matar da ke tuyar ƙosai da asuba a Damagaram, tana jinyar mahaifiya, tana renon jikoki, da wuya ya ga irinta a ciki. Ɗalibin da ya zauna da irin waɗannan mata, ya rubuta yadda yininsu ke tafiya awa bayan awa, kundinsa zai amfani masu jinyarsu ranar da ciwo ya raba su da kasko.