Babur ɗin shiga gona: wanda za ka saya da gyaran da ya dace ka yi masa

Daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, matsalar manomin Kurugu da ƙauyukan da ke tsakanin Karaye da Rogo ba ta tsaya ga samun taki ba, har da yadda takin zai isa gona a kan lokaci. Da ka sauka daga kwalta ka hau burji, daga burji ka faɗa 'yar siririyar hanyar da shanu suka tattake, sai laka a fadama, sai yashi a bakin rafi. Masu gonaki a gefen madatsar ruwa ta Challawa sun fi kowa sanin wannan. Masara kuma ba ta jira: takin yuriya da ya kamata ta samu a sati na biyar zuwa na shida, in ya makara da kwana goma, a buhu za ka ga gibin. Shi ya sa zaɓen babur ya zama maganar noma.

Akwai baburan da aka ƙera musamman domin kwalta da daji a haɗe, irin su Honda XR150L da Yamaha XTZ125. Cikinsu ya ɗaga sosai daga ƙasa, tayar gaba babba ce, inci 19 a na Honda, inci 21 a na Yamaha, don haka suna haye rami da kunya ba tare da sun dunguri ƙasa ba. Akwai kuma Yamaha AG200, wanda aka yi shi domin manoma da makiyaya irin na Ostareliya: kariya gaba da baya, cen a rufe ruf, jak hagu da dama. Irinsa ne za ka riƙa gani a hannun ma'aikatan wasu ayyukan raya karkara. Duk baburan kirki ne. To amma kafin ka miƙa kuɗi, je ka tambayi bakaniken garinku ko yana da kebur ɗin kulocinsa. In amsar ita ce sai an aika Kano, ko ma Legas, ka sani babur ɗin zai iya kwana goma a jingine a zaure, a daidai lokacin da ake noman farko.

A ganina, ga mai ƙaramin ƙarfi, gara ya sayi babur ɗin da kowa ke hawa, ya yi masa gyaran da zai mai da shi na gona. Ina nufin irin su Bajaj Boxer da TVS HLX, masu inji tsakanin 100 zuwa 150. Kayansu na nan a kowace kasuwar ƙauye, kuma kowane yaron bakanike ya san cikinsu. Na 100 ya fi sauƙin shan mai, abin da ba a rainawa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Na 150 ya fi jan kaya a hawa. Su kuwa ƙananan nan da ake kira roba-roba, ka bar wa masu zirga-zirgar cikin gari, cikinsu ya yi ƙasa da yawa.

Ka kula da nauyi. Babur ɗin da ba za ka iya ɗagawa kai kaɗai ba in ya kwanta a taɓo, ba naka ba ne. Ka zaɓi mai wili na waya a kan mai wilin ƙarfe zubi ɗaya, don na waya in ya lanƙwashe ana miƙe shi, na zubi kuwa tsagewa yake. In na hannu ne, ka tayar da shi da safe injin na sanyi, ka duba ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ka leƙa ƙarƙashin kujera da wuyan babur ko akwai walda. Lambar inji da ta jikin babur su dace da abin da ke rasit. Muna kan iyaka da Katsina da Kaduna, babur marar takarda rigima ce kawai ka sayo.

Gyara na farko taya ne, kuma shi ya fi kowane tasiri. Tayar da babur ke zuwa da ita ta kwalta ce, zanenta ƙanana, laka na cika shi nan take sai ka ji baya na wulwulawa. Ka sa mai manyan ƙurajen nan, daidai da lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar. Kada mai faci ya ruɗe ka da wadda ta fi faɗi, za ta riƙa gogar cen. Sai dai akwai abin da mutane ke mantawa: tayar ƙuraje tana kwasar laka, in madigadin gaba ya matse ta, laka na cushewa a tsakani har tayar ta daina juyawa, kuma nan ne ake faɗuwa. Ka sa a ɗaga madigadin da kamar faɗin yatsu biyu. A yashi mai zurfi, rage iska kaɗan yana sa taya ta shimfiɗu ta riƙe ƙasa, amma kada ka yi haka da buhu a baya, tub zai tsinke daga bakin iska.

Na biyu shi ne farantin nan mai haƙora da cen ke hawa a tayar baya. In ka ƙara masa haƙora, babur na ƙara ƙarfin ja, gudunsa ya ragu. Misali, in na gaba na da haƙori 14, na baya 40, ka mai da na baya 44, ƙarfin ja ya ƙaru da kashi goma cikin ɗari. A aikace, za ka hau gangaren rafi da giya ɗaya ba tare da kana ta murza kuloci ba, kuma murzar nan ce ke cinye faifan kuloci duk damina. Abin da za ka rasa shi ne gudu a kan kwalta, ga mai da zai ɗan ƙara sha in tafiya ta yi nisa. Mai zuwa Kano duk sati ya bar nasa yadda yake. In za ka canza, ka canza faranti biyun da cen gaba ɗaya, don tsohon cen na cinye sabon faranti. Ka bar wa cen wasa kamar santimita biyu zuwa uku, ka auna shi kana zaune a kai. Murfin cen kuwa, da samari ke cirewa don gayu, ka mayar da shi in har zai shiga.

Na uku, ka sa mai walda ya yi maka faranti a ƙarƙashin inji, saboda dutse da kututture. A ɗaure shi da noti, kada a liƙe shi da walda, a bar ƙofar juye baƙin mai, a huda shi don iska, tun da injin da iska yake huce wa.

Yanzu maganar da ba a son ji. Kariyar da ake tsawaitawa har ta zarce tayar baya, da shokozoba bibbiyu da ake jerawa kowane gefe, ba su ƙara wa babur ƙarfi. Yawancin baburan nan an yi su ne su ɗauki abin da bai wuce kilo 150 ba ko kusa da haka, har da kai mahayin. Buhun taki kilo 50 ne, buhun masara kusan 100. Yi lissafin da kanka. Shokozoba mai tauri tana hana babur zama, amma dukan da ta ƙi sha yana komawa kan ƙashin babur da wayoyin wili. Kaya kuma in ya koma bayan taya, gaba sai ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a yashi, birkin gaba ya daina kamawa. Ka ɗora kaya daidai saman tayar baya ko gabanta kaɗan, in da hali ka raba shi gida biyu ya rataya hagu da dama. Sawu biyu ya fi arha a kan walda da kuɗin ɗori. Hular kwano da takalmi rufaffe su ma ka sa su cikin kuɗin gyaran.

Wajen tsallaka ruwa, ka sauka ka taka da ƙafa tukuna. In ruwan zai kai wajen da inji ke shaƙar iska, a ƙarƙashin kujera, ka haƙura. In kuwa ya mutu a ciki, kada ka taka kik. Ka turo shi waje, ka cire fulogi, ka taka har ruwan ya fita, sannan ka juye baƙin mai in ya koma fari kamar madara. Da rani kuma ƙura ce abokiyar gaba: a lokacin hunturu ka wanke soson tace iska duk sati biyu, ka ɗan shafa masa mai, baƙin mai kuma kada ya wuce kilomita dubu.

Ƙungiyar da za ta sayi babura biyu ko uku, ta sayi iri ɗaya, don tub da kebur da fulogi ɗaya su yi wa duka. A ba kowane babur mutum ɗaya da zai amsa tambaya a kansa, da ɗan littafi da ake rubuta ranar juye mai da sunan wanda ya ɗauka. Taya da cen a saye su tun watan Afrilu ko Mayu, kafin ruwa ya zauna.