CIWON LUFUS: Rabin Magani Yana Hannun Maras Lafiya

Daga cikin cututtukan da ke wahal da mata a ƙasar nan ba a cika jin sunan lufus ba, ba kuwa don babu ita ba ne. Sau da yawa kafin a gane ta, maras lafiya ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot har ta gaji, wani lokaci ma an zagaya da ita wurin masu maganin sanyi da na iska.

Asalin cutar shi ne garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa ta afka wa jikin da ta kamata ta tsare. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, da kasala, da zubewar gashi, da gyambon baki, da ƙuraje a kumatu da karan hanci. In ta yi tsanani takan taɓa ƙoda. Cikin kowane mutum 10 da ke da ita, 9 mata ne, yawancinsu tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma ta fi tsananta wa baƙar fata. Ba a ɗaukarta daga wani.

A da ana zaton ba ta cika samuwa a Afirka ta Yamma ba. Amma a shekarar 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da abokin aikinsa suka wallafa bayanin masu lufus 66 da suka gani a Nijeriya.

A Abuja, manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, su ne inda ake tura masu irin wannan ciwo. To, amma ƙwararrun likitocin gaɓoɓi ba su da yawa a ƙasar nan. Matar da ta taso daga Kubwa ko Nyanya takan ga likita na ɗan lokaci, sa'an nan ta koma gida ta yi watanni ita da ciwonta. A waɗannan watanni abin da ta sani shi ne ke tsaronta.

Babban haɗari yana zuwa ne ranar da aka ji sauƙi. Lufus takan lafa ta kuma tashi, har yanzu kuwa ba a sami maganin da ke raba mutum da ita ba. Sai mace ta ga ta murmure, 'yan'uwa su ce ai ta warke, ga kuma tsadar magani, sai ta ajiye. Maganin haidroksi-kulorokwin, watau ɗan'uwan kulorokwin, shi ke rage yawan tashin cutar, kuma shan sa na kullum ne, tare da awon ido lokaci-lokaci. Shi kuwa firednisolon, wanda ke kumbura fuska har wasu su tsane shi, ba a yanke shi dare ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, yankewar gaggawa tana iya kai shi ga halaka. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Ya kamata kuma kada a bari magani ya ƙare kafin a nemi wani. A shekarar 2020, da aka baza cewa kulorokwin yana maganin korona, jama'a suka yi wawasonsa, kuɗinsa ya tashi, masu lufus a ƙasashe da dama suka rasa abin sha.

Sai batun rana, wadda ke tayar da cutar. Duk wanda ya taɓa tsayuwar jiran mota a bakin titin Abuja cikin watan Maris ya san ba abin wasa ba ce. Gyale da hijabi suna taimakawa, amma fuska da hannuwa a buɗe suke, saboda haka a riƙa ɗaukar laima, a shafa man kare fata daga rana, a rage fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Man bilicin kuwa ba shi da wurin zama a nan.

Ciwon ƙoda ba ya sallama. Fitsari mai kumfa, da kumburin ƙafa ko na fuska da safe, alamu ne na a tafi asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba. Haka nan zazzaɓi, domin magungunan suna raunana garkuwar jiki. Magungunan ciwon jiki na kemis, irin su dikulofenak, suna iya ƙara wa ƙoda lahani.

Lufus ba ta hana aure ko haihuwa. Sai dai likitoci suna son cutar ta lafa kamar wata 6 kafin a ɗauki ciki, a kuma canza wasu magungunan da ke cutar da ɗan tayi. Wannan magana ce da ta kamata a yi ta a gaban maigida, ya ji daga bakin likita da kunnensa, tun da shi ne zai amsa tambayoyin dangi.